Daga Benediktbeuern Zuwa Heidelberg, Ina Bin Sawun Baƙin Layi

Kafin in sauka Munich, 'yar ƙanwata da ke karatu a can ta riga ta gama tsara wuraren da za ta kai ni. Filin ƙwallon Bayern ne a kan gaba, don duk baƙon da ya zo mata daga gida shi yake fara tambaya, sai gidan nune-nunen motocin BMW, sai kasuwa. Na ce mata na gode, amma ni ƙauye nake so ta kai ni, wani mai suna Benediktbeuern. Sai da ta sa na maimaita sunan, ta duba waya, sannan ta ɗago kai.

"Kawu, wa ka sani a can?"

Na ce wani mai sana'ar gilashi ne, ya rasu tun 1826.

Shekara 22 ke nan ina koyar da fiziks a sakandare. Duk shekara in muka iso darasin ƙwayar zarra, sai in ja layuka huɗu ko biyar a allo, in zana kibiya tana hawa, wata tana sauka, in ce ga ilektoron ya sha haske ya hau, ga shi ya sauko ya amayar. Yara su kwafa, su zuba a jarrabawa, wasu su ci. Ni mai faɗar kuwa ban taɓa ganin shaidar abin da idona ba. Gilashi mai kusurwa uku guda ɗaya tak muke da shi a ɗakin gwaji, shi ma ya gutsure a gefe, kuma makullin kabad ɗin yana hannun wani da ba kullum ake samun sa ba. Na daɗe ina jin kaina kamar mai kwatanta wa mutane hanyar garin da bai taɓa zuwa ba.

Muka hau jirgin ƙasa mai zuwa Kochel da hantsi. Watan Yuni ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, abin da ya rikita mini lissafin magariba a kwanakin farko. Jirgin ya bi gefen tafkin Starnberg, ya kutsa cikin makiyaya kore shar, shanu ƙosassu ba mai kiwo a bayansu. Awa guda da 'yan mintoci muka sauka. Dutsen Benediktenwand, mai tsayin mita 1,800, yana tsaye a gabanmu kamar garu, daga gefe kuma ga tsohon gidan ibadar Kirista da hasumiyoyinsa biyu masu kai irin na albasa. A 1803 gwamnatin Bavaria ta ƙwace gidan daga hannun masu ibadar, bayan shekara biyu wani attajiri, Joseph von Utzschneider, ya saye shi ya kafa masana'antar gilashi a ciki.

Abin da na zo gani yana gefen gidan. Ginin katako ne, wanda in ba a faɗa maka ba za ka ɗauka ma'ajiyar ciyawar dawaki ce. Ciki da duhu da sanyi. Manyan murahu biyu na narka gilashi suna nan a tsaye, da ƙarafan da aka ɗaura don juya narkakken gilashin a cikin tukunya. Na taɓa tsayawa a unguwar Masaga a Bida ina kallon masu narka gilashi suna yin awarwaro da duwatsun wuya, zufa na zuba, hayaƙi na cin ido. Da na ga bakin murhun nan su na fara tunowa. Sana'a ce ta wuta da haƙuri, kuma a nan ma haka take. Bambancin shi ne gilashin nan ba na ado ba ne, na madubin hangen taurari ne, wanda jijiya guda ko kumfa ɗaya a cikinsa ta isa ta lalata aikin watanni. Dabarar juya shi da sandar yumɓu har ya haɗe sumul, wani mutumin Suwizalan, Pierre Guinand, ya kawo ta, kuma sirri ce da ake ɓoyewa kamar lakanin gado.

Mai sana'ar gilashin da na zo dominsa, Joseph Fraunhofer, bai yi jami'a ba. An haife shi a Straubing a 1787, yana ɗan shekara 11 ya zama maraya gaba da baya, aka kai shi Munich koyon sana'a wurin wani mai yin madubi da ba ya son ganin sa da littafi. A 1801 gidan ya rufta da shi a ciki. Aka shafe sa'o'i ana tono, aka zaro shi da rai. Mai mulkin Bavaria na lokacin, Maximilian Joseph, ya zo wurin da kansa, ya ga yaron, ya ba shi kuɗi, Utzschneider kuma ya fara ba shi littattafai. Wani hanin ga Allah baiwa ne. Ta wannan ƙofa ya shigo masana'antar, kuma bai jima ba ya shige gaban waɗanda suka koya masa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, mutumin bai fita neman sirrin rana ba. Matsalar shagonsa yake son warwarewa. Gilashi ba ya lanƙwasa launuka daidai da juna, shuɗi ya fi ja karkata, shi ya sa madubin hange mara kyau ke nuna tauraro da gezar bakan gizo. Maganin shi ne a haɗa gilashi iri biyu, ɗaya mai dalma a ciki, kowane ya gyara kuskuren ɗan'uwansa. Kafin ka haɗa kuwa dole ka auna yadda kowanensu ke lanƙwasa kowane launi. To a ina kore ya ƙare, a ina rawaya ta fara? Bakan gizo ba shi da kan iyaka. Yana neman alamar da zai kafa awo a kanta, a 1814 ya shigar da hasken rana ta siririyar tsaga, ya bi da shi ta gilashi mai kusurwa uku, ya duba da ƙaramin madubin hange. Sai ya tarar da launukan a tsattsage da baƙaƙen layuka, wasu masu kauri, wasu kamar gashi. Ya ƙirga 574. Manyan ya sa musu haruffa, A a can ƙuryar ja, har zuwa H a ƙarshen shunayya. Wani Bature a Ingila, William Wollaston, ya hango kaɗan daga ciki a 1802, ya ɗauka iyakokin launuka ne, ya wuce.

Fraunhofer ya samu abin awonsa. Ya kuma lura da abubuwa biyu da ya rubuta ya bari: hasken Zahra yana ɗauke da layukan rana, amma na tauraron Sirius daban ne, sannan wani layi mai hasken rawaya da ke fitowa a wutar fitila yana zama daidai gurbin baƙin layin da ya kira D. Dalili kuwa bai san shi ba har tarin fuka ya kashe shi yana da shekara 39.

Da muka fito muka zauna a kan benci muna cin burodi da cukun da ta ƙunso. Ita injiniyancin ruwa take karantawa, fiziks ɗin zarra tun sakandare rabonta da shi.

"Kawu, ni fa abin da na riƙe shi ne ilektoron yana tsalle. Amma me ya sa sai wannan launin kawai? Ga haske iri-iri, ya sha wanda ya samu mana."

Na ce ta tuna rijiyar gidan kakanta, da ramukan da mahaƙa suka sassaƙa a jikinta don taka ƙafa. Cibiyar zarra tana janyo ilektoron, don haka a cikin rijiya yake zaune, kuma ba shi da wurin tsayawa sai a kan waɗannan matakai. Ɗauki haidirojin, mai ilektoron ɗaya tilo. Da ma'aunin kuzarin da ake kira ilektoron-bolt, zurfin rijiyarsa 13.6 ne. Ƙasan rijiyar shi ne mataki na 1. Na 2 yana can sama, 10.2 daga ƙasa. Na 3 yana 12.1, na 4 yana 12.75, haka suke ta matsuwa da juna har bakin rijiya. Shi kuma haske a ƙunshe yake zuwa, ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri ana ce masa foton, kuma launinsa ne ke nuna nauyin kuzarin da ke ciki. Ja mara nauyi ne, shuɗi ya fi shi, duk abin da ido ke gani bai wuce tsakanin 1.7 da 3 da ɗoriya ba.

Zarra ba ta ba da canji, ba ta kuma karɓar rabin kuɗi. In foton ya zo da kuzari daidai tazarar da ke tsakanin inda ilektoron yake da wani mataki na sama, za ta haɗiye shi ɗungurungum, ilektoron ya bayyana a sabon matakin. In ya gaza da kaɗan ko ya zarce da kaɗan, wucewa zai yi kamar ba kowa a wurin. Shi ya sa iskar haidirojin a kwalba garau take, babu launin da ido ke gani da zai iya biyan 10.2. Amma a jikin rana zafi ya riga ya cilla 'yan kaɗan daga cikinsu zuwa mataki na 2. Daga nan zuwa na 3 tazarar 1.9 ce, kuɗin jan haske mai tsawon zango nanomita 656, wato tsawon igiyar hasken, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Shi ne layin C na Fraunhofer. Daga na 2 zuwa na 4, 2.55, shuɗi mai sirkin kore, nanomita 486, layin F. Wuri ɗaya ne dokar ke sassautawa: foton da ya isa ya fitar da ilektoron daga rijiyar gaba ɗaya, shi ana karɓar sa ko nawa ya kawo, ragowar ta zama gudun da ilektoron zai fice da shi.

"To wa ya sassaƙa matakan?"

Nan misalin rijiya ya ƙare, na ce mata, don mutum yana iya maƙalewa tsakanin rami da rami, ilektoron ba ya iyawa. Sai dai ta tuna tsirkiyar gurmi. An ɗaure ta kai da gindi, saboda haka ba kowace irin rawa take iya yi ba: ko ta kaɗu gaba ɗayanta, ko ta rabu biyu, ko uku, amma ba biyu da rabi. Ilektoron da aka tsare kusa da cibiya haka yake, yana da ɗabi'ar igiya mai kaɗawa, kuma salon kaɗawar da ya dace da wurin ƙidayayye ne. Kowane salo mataki ne. Lissafin wannan Erwin Schrödinger ya fitar da shi a 1926, shekara 100 cif bayan mutuwar mai murhun da muka baro. Da yake kowane sinadari da yawan cajin cibiyarsa da yawan ilektoron ɗinsa, kowane da tasa rijiyar. Layukan da yake sha kamar zanen fuska ne, da ka gani ka san ɗan gidan wane ne.

Bayan kwana biyu muka kama hanyar Heidelberg, garin da aka gano dalilin layukan, tafiyar awa 3 da wani abu. Muna wuce Stuttgart ta ajiye wayarta. Ashe maganar tana cin ta.

"Kawu, akwai inda lissafinka bai cika ba. Ka ce ilektoron ba ya daɗewa a sama, yana saukowa ya mayar da hasken. To ai an biya bashi. Me zai sa gurbin ya yi baƙi?"

A shekara 22 ɗalibi ɗaya ne ya taɓa yi mini wannan tambayar, kuma ranar kame-kame na yi. Na ce mata an biya, amma ba a hannun mai shi ba. Ilektoron ɗin sodiyam, alal misali, abin da yake yi a sama bai wuce kashi 16 cikin biliyan na daƙiƙa ba. Sai dai foton da ya sha hanyarmu ya nufo, wanda ya amayar kuwa ko'ina yana iya dosa: gefe, ko baya, ko ya koma cikin rana. Wani lokaci ma kafin ya amayar wata zarra ta bangaje shi, kuzarin ya zama zafi. Fuskar rana tana kusan digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, iskar da ke samanta kaɗan ba ta kai haka zafi ba, don haka abin da take fitarwa a wannan launi bai kai abin da ta tare ba. Layin ma ba baƙi ƙirin ba ne. Akwai haske a cikinsa, maƙwabtansa ne suka fi shi, ido ya karanta shi baƙi.

Heidelberg gari ne na ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido. Jami'arsa tun 1386, ita ce mafi daɗewa a Jamus ta yau. Kowa ya sauka sai ya nufi kangon fadar da ke kan tudu. Mu muka bi babban titin tsohon gari, wanda aka hana motoci, muna ƙirga lambobin gidaje tsakanin shagunan tufafi da masu sayar da askirim. Mun wuce lamba 52 ba mu sani ba, sai da muka dawo da baya. Ana ce masa Gidan Ƙato. A jikin bangonsa akwai allo, ta fassara mini: a wannan gida ne, a 1859, Kirchhoff ya ɗora binciken launukan haske da suka kafa shi da Bunsen a kan rana da taurari, ya buɗe ƙofar sanin sinadaran sararin samaniya. Kirchhoff masanin fiziks ne, Bunsen kuma masanin sinadarai. A tsallaken titi ga mutum-mutumin Bunsen na tagulla, mutane na zaune kusa da shi suna cin abinci, ba wanda ya ɗaga kai.

Murhun Bunsen ɗin nan da kowane ɗan sakandare ya san sunansa, amfaninsa na asali shi ne wutarsa kusan ba ta da launi, don haka duk abin da ka jefa a ciki launinsa ne zai fito. Jefa gishiri, ta koma rawaya. Duk mai girki da gas ta san wannan: ruwan miya ya tafasa ya zubo, shuɗiyar wuta ta yi rawaya nan take. Kanwa ma haka za ta yi, don sodiyam ne a cikinta. Fitilun titi masu ruwan ɗorawa da muka taso muna gani kafin zuwan na sola, su ma shi ne. Gustav Kirchhoff ya bi da hasken rana ta cikin wutar gishiri ya duba layin D, sai ya ga maimakon gurbin ya cike, ƙara duhu ya yi. Ya ajiye rana, ya ɗauko farin haske na dutsen farar ƙasa da aka gasa, wanda ba shi da layi ko ɗaya, ya bi da shi ta wutar. Baƙin layi ya fito daidai gurbin D. Ya ƙera layin Fraunhofer a kan teburinsa da ɗan gishiri. Abin da sinadari ke fitarwa in ya yi zafi, shi yake sha in haske mafi ƙarfi ya ratsa shi. Ke nan akwai sodiyam a rana.

Shekara 24 kafin wannan, wani masanin falsafa na Faransa, Auguste Comte, ya kawo sinadaran taurari a matsayin misalin abin da ɗan Adam ba zai taɓa sani ba. Ya rasu a 1857, bai ga amsar ba. Daga nan abin ya ɓalle. A 1860 Bunsen da Kirchhoff suka gano sabon sinadari, siziyam, daga layuka shuɗɗa biyu a ruwan maɓuɓɓugar Dürkheim, a 1861 suka ƙara da rubidiyam. A 1868 aka hango wani layi rawaya a gefen rana, kusa da D amma ba shi ba, wanda bai dace da komai a doron ƙasa ba. Aka sa masa suna hiliyam, daga sunan rana a harshen Girka, kuma sai a 1895 William Ramsay ya same shi a cikin ma'adini.

Ina tsaye gaban allon nan na ga laifin yadda muke koyarwa, har da ni. Muna farawa da zanen matakan nan da nake yi a allo, na Niels Bohr na 1913, kamar wani ya zauna ya ƙago matakai sannan aka je nema. Alhali shi ne ya zo a ƙarshe, shekara 99 bayan mai gilashi ya gani. Kirchhoff kansa bai san ilektoron ba, sai a 1897 aka gano shi. A tsakani akwai mutumin da nake ji da shi, Johann Balmer, malamin lissafi a makarantar 'yan mata a Basel. Yana da shekara 60, a 1885, ya zauna da lambobi huɗu na layukan haidirojin yana juya su har ya samo ƙa'idar da ta haɗa su, ba tare da ya san me take nufi ba. Da Bohr ya ga ƙa'idar ne matakan suka bayyana masa. Malamin sakandare ne kamata, kuma ban taɓa ambatar sunansa a aji ba sai a matsayin kan jadawali.

A jakata akwai wani abu da muka haɗa daren jiya a kicin ɗinta: kwalin hatsin karin kumallo, ɓallen faifan DVD a ciki a karkace, da reza biyu da muka manna baki da baki suka bar tsaga kamar kaurin gashi. Layukan da ke jikin faifan suna baza haske kamar yadda gilashi mai kusurwa uku ke yi. Mun gwada shi da doguwar fitilar kicin, ya nuna mana layuka masu haske, kore da shuɗi da ja, a rarrabe. Amma baƙin layi a hasken rana wani abu ne daban.

Muka haye tsohuwar gadar dutse zuwa ɗaya gaɓar kogin Neckar, muka sami wuri a bakin ruwa. Na gargaɗe ta kada ta kuskura ta auna rana kai tsaye, farin girgije ya isa, don hasken ranar ne yake mayarwa. Na fara dubawa. Bakan gizo mai kyau, sumul, ba layi ko ɗaya. Na matse rezar, ya yi duhu. Na buɗe, ya yi dishi-dishi. Na lulluɓe kaina da babbar riga kamar mai ɗaukar hoto na da, wasu yara a kan keke suka tsaya suna kallona. Kusan rabin awa ina fama, wuyana ya ƙage. Na miƙa mata.

Ba ta yi minti biyu ba ta ce, "Kawu, tsaya. Akwai wani siririn abu kamar gashi, tsakanin rawaya da ruwan goro. Ga wani ma a cikin kore."

Na karɓa. Na cire tabarau, na mayar, na sake cirewa. Ta ce in daina neman sa da ƙarfi, in ɗan karkatar da kwalin. Sai ga shi, shiru, a tsaye, siriri har ina tsoron ƙifta ido. A littafi layuka biyu ne, nanomita 589.0 da 589.6, kwalina ya haɗe su ɗaya. Hasken da ya baro rana minti 8 da suka wuce, da gurbin abin da sodiyam ya cire. Na cikin koren na magniziyam ne. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a ƙarƙashin rigar ba, sai da girgijen ya gusa, launukan suka dusashe, ta taɓa kafaɗata ta ce jirginmu saura minti 40.

A jirgi na ciro biro ina lissafi a bayan tikiti: aji mai yara 70, in aka raba su biyar-biyar, kwali 14, reza 28, faifai kuwa akwai buhunsu a shagon wani tsohon mai sayar da finafinai a bakin kasuwarmu. Ta leƙo ta karanta.

"Kawu, reza 28 za ka raba wa samarin aji shida?"

Na soke layin, na rubuta takardar alminiyam.